Labbo Dillali da Motar da ta Sha Tafiya

Ranar ƙarshe da ɗana Labbo ya wuni da lafiyarsa ranar kasuwa ce, cikin bazara, a shekarar da ake ta cewa dogo ya kusa isowa Gusau. Shi ne na uku a 'ya'yana, don haka babu kunyar da za ta hana ni kama sunansa.

Da asuba mun yi salla a sahu ɗaya. Da muka fito ya gaishe ni, ya ce jakinsa ya kwana yana tari. Na ce Allah ya sawwaƙe. Ban tambayi wane jaki ba, domin suna da yawa, kuma babu lafiyayye a cikinsu.

Rana na fitowa ya shiga zuba wa dabbobinsa harawa. Wanda bai san Labbo ba zai yi mamakin abin da ke ɗaure a bayan gidansa, saboda haka bari in faɗi yadda suka taru.

Na so ya yi karatu. Ya yi sauka, ya taɓa littattafai kaɗan, daga nan ƙafarsa ta ja shi kara, inda ake cinikin dabbobi, ya zama dillali. Bai daɗe da farawa ba wani tsohon falke ya ce masa a gaban jama'a, bakin dillali ba ya asara, shi dai ya faɗi kuɗi, wani ya biya, wani ya yi kuka. Labbo ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, ya ce daga ranar duk abin da ya yi wa kuɗi, in ya nuna aibi kafin kwana uku, a kawo masa, shi zai biya abin da bakinsa ya faɗa.

Na gaya masa shari'a ba ta ɗora wa dillali wannan ba, mai kaya ake mayar wa.

Ya ce, "Baba, ba ta ɗora mini ba, amma ta hana ni ɗauka?"

Na duba. Ba ta hana ba.

Sunansa ya tafi. Daga Tsafe har Bungudu, makiyayi ba ya sakin igiya sai ya ji bakin Labbo. Yawancin lokaci yakan yi daidai. Inda ya kuskure kuwa, kuskuren yakan biyo shi gida da ƙafa huɗu. Akwai jakin da ke zaunawa duk inda ya ga ruwa, ko da na alwala ne. Akwai goɗiyar da ke cizon duk mai baƙar riga. Akwai raƙumi mai ido ɗaya da ke karkata hagu a hankali, har wanda ya hau shi daga Gusau zuwa Magami ya iske kansa a Gusau kafin azahar. Labbo ya biya kuɗinsu duka ba tare da musu ba, amma bai taɓa yarda an zage su ba. Abin da yakan ce shi ne, "Ba aibi ba ne, hali ne." Matarsa Saude takan ce ita da dillali aka ɗaura mata aure, ba ta san ranar da aka naɗa shi sarkin guragu ba.

Abu biyu kawai ya mallaka masu lafiya: wani baƙin doki akawal, da gona a Ruwan Bore wadda ke ci da gidan da guragun duka.

Da hantsi abokinsa Manu ya yi sallama. Manu Bafillace ne na Bungudu, falken shanu, ya yi shekaru yana kora garke zuwa kudu a ƙasa har ya tara abin hannu, tafin ƙafarsa kuma ya koma kamar ƙirgi. Ya ce Kwaran nan, Balarabe mai kanti a bakin kasuwa, mai sayen gyaɗa, zai tashi daga garin, kuma zai sayar da motarsa. Shi Manu yana so. Amma ba zai ba da ko ɗan maraƙi ba sai Labbo ya yi mata kuɗi.

Labbo ya ce, "Kai da mota? Wa zai riƙe maka sandar?"

Manu ya ce, "Ƙafata ta yi nata. Kai dai tashi ka duba mini."

Labbo ya roƙe ni in raka su, wai ni na san mota. A shekarun da na yi karatu a Masar na ga motoci, gaskiya ne, amma daga gefen hanya, ina kauce musu. Na faɗa masa haka. Ya ce ko hakan ma ya fi babu.

Muka iske ta a inuwar kanti. Doguwa ce, baƙa, da rumfar tamfol, da manyan fitilu biyu na tagulla. Kujerun na jar fata ne, masu taushi, an dinke su da maɓallai. A gefen direba akwai ƙaho mai kwararon roba. Ba irin motocin kaya ba ce da suka fara bin hanyar Zariya. Ko wanda bai san komai ba ya san wannan ta manya ce. Direbanta Jibo yana goge ta da tsumma.

Labbo ya miƙa mini sandarsa, ya naɗe hannun riga. Ya zagaya ta a hankali. Ya tsuguna ya latsa kowace ƙafa da babban yatsa yadda yake latsa kofato. Ya kwanta ya leƙa cikinta, ya daɗe. Ya bubbuga haƙarƙarinta ya saurara. Sannan ya zo gaba, inda wasu siraran ƙarafa ke jere suna ƙyalli, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da farce.

Ya ce, "Babu wanda ya zube, babu wanda ya cinye. Shekarunta nawa?"

Jibo ya ce, "Tara."

"Doki ɗan shekara tara yanzu ya san kansa. Mi take ci?"

"Fetur. Sai ruwa."

"Da dare fa?"

"Ba ta cin komai."

Labbo ya dubi Manu, Manu ya gyaɗa kai. Su biyun sun san abin da dabba ke ci cikin dare.

"Tana harbi?"

Jibo ya ce tana yi. Ya nuna wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zura mata a gaba a murɗa kafin ta tashi, ya ce wata rana yakan juyo da ƙarfi. Ya nuna wuyan hannunsa inda aka yi ɗori.

Labbo ya ce, "Mai jini ce. Wadda ba ta harbi ba ta gudu."

A nan Kwaran ya fito. Dattijo ne mai sanƙo, yana jin Hausa sosai, kuma ban taɓa jin ya cuci kowa a awo ba. Ya kama hannun Labbo ya kai shi gaban kujerar direba, ya nuna masa wani ɗan agogo mai jerin lambobi.

Ya ce, "Malam Labbo, ba na son in bar garin nan da haƙƙin kowa. Wannan yana ƙirga tafiyarta. Duk mil ɗin da ta yi sai ya ƙara. Wani babban Bature ya fara hawanta a Ikko, ta koma hannun wani a Kano, sannan ni. Ta sha tafiya ƙwarai. In da Makka ta nufa, da ta je ta dawo fiye da sau goma."

Manu ya ce, "Ashe Hajiya ce."

Kwaran ya ce, "Saboda haka kuɗin shanu goma ya ishe ni."

Labbo ya dube shi da tausayi. Sannan ya yi masa bayani a hankali, kamar mai koya wa baƙo hanya. Ya ce a kara, in aka kawo jakai biyu, ɗaya bai taɓa wuce bakin rafi ba, ɗaya ya je Gwanja ya dawo da goro, babu falken da zai tsaya tunani. Hanya ita ke tace dabba. Rago yana mutuwa a tafiyar farko, mai ciwon ɓoye a ta biyu. Wadda ta je ta dawo sau goma, ta tsaya da ƙafafunta, da haƙoranta cif, ba a yi mata kuɗin sabon shiga.

Ya ce, "Ashirin."

Kwaran ya ce, "A wurinmu, iya tafiyarta iya faɗuwar kuɗinta."

"Shi ya sa kuka baro garinku kuka zo nan neman abinci."

"To, sha biyu."

Labbo ya ce, "Albarka."

Kowa ya san mai kaya ne ke cewa albarka in an taya masa da arha. Ranar na ga dillali ya ce wa mai kaya albarka a madadin kayan. Mutane suka fara taruwa.

Kwaran ya ce, "Sha biyar, don Allah."

"Albarka. Ba za a zalunce ka a gabana ba, ko da kai ne mai zaluncin."

Kwaran ya juya ga Manu, yana zaton mai saye zai taimake shi. Manu ya ce shi ma ba ya so a ji a Bungudu cewa ya sayi motar shanu goma, sai a ce tsintuwa ce. Kwaran ya juyo gare ni. Na gaya masa abin da na sani, cewa in mai kaya ya bayyana aibin kayansa, mai saye ya ji ya yarda, ciniki ya inganta. Game da mota kuwa, na ce ban sani ba.

Na ja Labbo gefe. Na tambaye shi ko alkawarin nan nasa ya haɗa da wannan, tunda ba dabba ba ce, kuma mai ita gobe ba ya garin. Na tuna masa cewa shanu ashirin, in aka juya su, gonar Ruwan Bore ce da akawal, ba saura.

Ya ce, "Baba, duk abin da na yi wa kuɗi na ce. In na cire wagga yau, gobe sai in cire raƙumi."

Bayan azahar Kwaran ya ce ba zai sallama ba sai an gwada ta. Jibo ya murɗa ƙarfen, ta yi tari, ta kama ruri. Muka hau hanyar Tsafe, ni da Manu a baya, Labbo a gaba ya dafe hula. Ta yi gudu, ba na musu. Kafin in gama gyara rawanina dutsen Kwatarkwashi ya zo ya wuce. Manu yana ta matsa ƙahon ga duk wanda muka wuce, har da wani kare.

Labbo ya ce wa Jibo ya saki linzamin ya gani ko ta san hanya. Jibo ya ce ba a yin haka. Labbo ya ce shi bai taɓa yi wa dabba kuɗi ana riƙe da kanta ba. Jibo ya ɗaga hannuwansa kaɗan daga sitiyari. Wurin kuwa motocin kaya sun riga sun haƙa kwari biyu a hanya, ƙafafunta suna ciki, sai ta bi su tiryan-tiryan har da 'yar kwana.

Labbo ya waiwayo ya ce, "Kun gani."

Muka yi la'asar a Tsafe. A dawowa ta tsaya sau ɗaya, tururi yana fita ta hancinta. Jibo ya ce ruwanta ne ya tafasa. Labbo ya ce gumi ne, kuma ba aibi ba ne, hali ne. Muka roƙi tulu ɗaya a wata ruga, ta sha, muka ci gaba.

Dab da magariba aka ƙulla ciniki a gaban shaidu. Kwaran ya ce "na sallama" da muryar mai neman gafara. Ya yi gyara da garwar fetur biyu da ƙafa guda ta ajiya, ya kuma biya Jibo ladan wata don ya bi Manu. Da Saude ta ji labari ta ce, shanu ashirin masu haihuwa, an ba da su ga abin da ko kashi ba ya yi balle a kai gona.

Bayan magariba Labbo ya ci tuwo a zaurena. Ya ci da yawa. Ya sake ba ni labarin sakin linzamin, ko da yake ina wurin aka yi. Da zai tashi ya shafa ƙeya, ya ce girgizar mota ta riƙe masa wuya.

Ba girgizar mota ba ce. Sanƙarau ya shigo garin a bazarar nan, ya riga ya taɓa gidaje a unguwarmu. Washegari Labbo bai fito masallaci ba. Manu da Jibo suka tafi Bungudu ba su sani ba, Kwaran ya sayar da shanun ga fatake ya kama hanyarsa. Muka shimfiɗa wa Labbo tabarma a zaurensa, inda iska ta fi shiga. Aka yi abin da ake yi. Wani lokaci yana cikin hankalinsa, wani lokaci yana ciniki da mutanen da ba mu gani.

Rana ta uku da hantsi na ji hayaniya a waje, na fita. Takarkarai huɗu ne ke jan motar da igiya. Jibo yana riƙe da sitiyari, Manu yana zaune a baya. Jibo ya ce sun kusa Bungudu, a yashin wani rafi, wani abu ya karye a cikinta, baƙin mai ya tsiyaye, ta yi shiru. Ya ce abin da ya karye sai Ikko, in ma akwai. Mutanen Bungudu sun riga sun fito tarya da makaɗa, don haka aka ɗaura mata shanu, Manu ya shiga gari a haka, makaɗa suka yi aikinsu tunda an biya su.

Manu ya sauko yana cewa ina dillalin nan, yau zai ga hali. Na gaya masa halin da ake ciki. Ya tsaya. Ya ce wa Jibo a juya shanun a koma.

Daga cikin zaure Labbo ya ce, "Manu ne? Ya shigo."

Manu ya shiga ya tsuguna.

Labbo ya ce, "Na ji kofato, ban ji ruri ba."

"Lafiyarta lau. Shanun nake koya wa hanyar Gusau."

"Shanunka da suka je kudu?"

"Sababbi ne."

"Manu, kai ko tsohuwar saniya ba ka iya yi wa ƙarya ba, shi ya sa kake nemana. Jibo, mi ya same ta?"

Jibo ya faɗa masa daga bakin ƙofa. Labbo ya rufe ido, har na zaci ya koma cikin magagi. Sai ya tambaya ko agogon nan ya ci gaba da ƙirga lokacin da shanu ke janta. Jibo ya ce ya ci gaba, tunda ƙafafun suna juyawa.

Labbo ya ce, "To, ta ƙara kuɗi ke nan. Amma a yadda na faɗa zan karɓa, kada Manu ya ce na ci da shi. Baba, ka shaida. Gona da akawal."

Manu ya ce ba ya so. Labbo ya ce ba a tambaye shi ba. Na ce na shaida.

Labbo ya ce, "Gajiya ce kawai. A kai ta baya wurin sauran, a bar ta ta huta."

Ya rasu bayan kwana biyu, da rana, uwarsa tana riƙe da kansa. Ya bar Saude da 'ya ɗaya, Wasila, wadda a lokacin ba ta fara yawo ba.

Bayan sadakar bakwai na tara magada. Na gaya musu cewa abin da mutum ya ɗora wa dukiyarsa a ciwon ajali ba ya wucewa duka sai da yardarsu, kuma Manu ya aiko cewa ya yafe. Ina da rabo a ciki, don haka na ce ba ni zan fara magana ba. Saude ta yi magana daga bayan zana. Ta ce shekara da shekaru tana kwashe kashin guragu don kada maganar mutumin nan ta faɗi, ba za ta faɗi yanzu da ba ya nan ya ɗauke ta ba. Uwarsa ta ce haka ne. Na ce haka ne. Rabon Wasila ba mu da ikon bayarwa, sai na cike shi daga gonata.

Manu ya zo ya karɓi akawal da gonar a gaban shaidun da aka yi cinikin farko. Tun daga kakar wannan shekarar, duk shekara jakai kan sauke dammunan gero a ƙofar Saude. In ta yi magana sai ya ce gonar ce ke ba da fiye da abin da rumbunsa ke ɗauka, kuma ba aibi ba ne, hali ne.

Sauran kayan ba su da yawa. Rigunansa uku aka ba ƙannensa. Hular da ya ajiye a ƙasa ranar alkawari tana wurin uwarsa. Jakin nan mai zama wani mai rini ya karɓa, ya dawo da shi da yamma. Goɗiyar muka ba wani manomi a Mada wanda bai mallaki baƙar riga ba, kuma na ji suna zaman lafiya.

Motar ce ta gagara. Ba a raba gado sai an yi wa kaya kuɗi, don haka na kira dillalai uku daga kara. Kowannensu ya zagaya ta, ya latsa ƙafa, ya ce mai yi wa wannan kuɗi ya riga ya tafi. Muka bar ta a bayan gida ba a raba ba. Manu ya roƙi ƙahon, aka ba shi, yana kiran shanu da shi. Jibo ya ɗauki ƙarfen da ya karya masa hannu. Kajin Saude suna ƙwai a kujerar baya, a kan jar fata, kuma ta yarda cewa ko ba komai yanzu abin yana haihuwa. Raƙumin a jikinta ake ɗaure shi, yana zagaya ta ta hagu.

Aka ce ni ma in ɗauki wani abu. Na sa Jibo ya kwance mini ɗan agogon nan. Yana cikin alkukin ɗakina, kusa da tawada. Lambar tana nan inda shanun Manu suka tsayar da ita a ƙofar gidan Labbo.